Zogale, Soɓorodo Da Jijiyar Da Ta Toshe

Duk wanda ya saba cin kasuwannin gabashin Sakkwato, tun daga Unguwar Lalle da Sabon Birni har zuwa Gatawa da Isa, ya san mai maganin lasifika, wanda yakan shimfiɗa buhunsa a gefen 'yan koli, ya jera kwalabe da ƙulle-ƙullen sassaƙe da garin ganye, ya yi ta lissafa cututtuka tun hantsi har la'asar sakaliya, ba ya ambaton ko ɗaya face ya ce ga maganinta a hannunsa. Tsohuwar sana'a ce, ba ni kuwa da nufin wulaƙanta ta, domin a cikin ma'abotanta akwai masu amana waɗanda suka gaji sani na gaskiya daga iyaye da kakanni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani baƙon lafazi da ya shigo wannan fage a 'yan shekarun nan ta hanyar tallace-tallacen rediyo da saƙonnin WhatsApp, watau antioksidan, wanda ake liƙa wa garin zogale da man habbatus sauda da shayin kanumfari, sa'an nan a ɗora masa da'awa mai nauyi, a ce yana wanke jijiya, yana buɗe wadda ta toshe, har ma yana tayar da wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Da ƙarya ce tsagwaronta, da kau da ita bai yi wuya ba. Amma akwai gaskiya a cikinta, gaskiyar da manyan masana suka ɓatar da shekaru fiye da 50 suna bin diddiginta, kuma albarkacin wannan 'yar gaskiya ne jama'a ke amincewa da sauran, har mutum ya kwana uku yana ɗura wa mahaifinsa jiƙo alhali sa'o'in da za a iya cetonsa a cikinsu suna shuɗewa.

Asalin mas'alar shi ne, Allah Maɗaukakin Sarki ya tsara jikin ɗan Adam bisa wani nizami wanda a cikinsa babu gaɓar da ke da rumbun kanta, kowace tana jiran jini ya kawo mata abinci da iskar oksijin, ya kuma kwashe mata dattin da ta fitar. Malaman ɗibbu na Musulunci sun daɗe da fahimtar muhimmancin wannan gudana, har Ibn Nafis, mutumin Sham da ya zauna Alƙahira ya rasu a 1288, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu kafin ya koma zuciya, kimanin shekaru 300 kafin Turawa su rubuta haka. To, idan jijiya ta toshe, ko ta murɗe, ko aka matse ta, ko kuwa jinin kansa ya yi ƙaranci, gaɓar da ke bayanta takan shiga ƙunci, kuma haƙurin gaɓoɓi ba ɗaya ba ne. Tsokar ƙafa tana iya jure 'yan sa'o'i. Ƙwaƙwalwa kuwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma take cinye kusan kashi 20 na iskar da muke shaƙa, mintoci kaɗan ne iyakarta, har wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙididdige a 2006 cewa idan babbar jijiyarta ta toshe ba a buɗe ba, kusan ƙwayoyinta miliyan 1.9 ne ke mutuwa a kowane minti guda.

Kada mai karatu ya zaci wannan lalura ce ta attajiran birni masu ƙiba. Ita ce ke bayan shanyewar ɓarin jiki da ke kayar da magidanci a gona, wanda sau da yawa ake jingina wa iska ko sammu. Ita ce ke kashe ƙodar mai jego da ta zubar da jini da yawa, da ta wanda amai da gudawa suka tsotse a lokacin damina. Ita ce ke ruɓar da hanjin mai ƙabar da ta shaƙe, da ɗan marainan saurayi idan ya murɗe aka wuce kimanin sa'o'i 6 ba a warware shi ba saboda kunya ta hana yaro faɗa. Ita ce kuma ke cin ƙafar wanda kububuwa ta sara aka ɗaure masa da tsumma tamau aka bar shi yini guda, ɗaurin da likitoci ke hani da shi domin ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa. Fiye da duka, ita ce rayuwar yau da kullum ta mai amosanin jini, wanda ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su cushe ƙananan jijiyoyi, su saki, su sake cushewa, tun yana goye har iyakar kwanansa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta taɓa ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara.

Hankali zai ba mutum cewa da zarar jini ya dawo, ɓarna ta ƙare. Abin al'ajabi shi ne ba haka lamarin yake ba. A 1941, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan Landan, likita Eric Bywaters ya lura da mutanen da ake zaƙulowa daga ƙarƙashin gini bayan sa'o'i ƙafarsu na danne, su fito da ransu suna magana, bayan 'yan kwanaki kuma fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya, su cika, domin gubar da tsokar da ta mutu ta tara ta kwarara cikin jiki daidai lokacin da aka ɗaga musu nauyi. A 1960 Robert Jennings da abokan aikinsa suka nuna a zuciyar karnuka cewa dawowar jini da kanta tana gaggauta mutuwar wasu ƙwayoyin da suka riga suka jikkata. Sirrin ya fara bayyana ne bayan da Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano, a 1969, cewa jiki na ɗauke da wani sinadari wanda ba shi da aiki sai kashe wani mugun nau'i na oksijin, abin da ya tabbatar cewa wannan nau'in yana samuwa a cikinmu kullum.

Bayanin kuwa shi ne, iskar nan da muke rayuwa da ita, ita ce dai ke sa ƙarfe tsatsa, ita ke gurɓata man gyaɗa idan ya daɗe a buɗe. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin cikin natsuwa da awo domin a sami ƙarfi. Idan jini ya yanke, ƙonawar takan tsaya, makamashi ya yi ta taruwa ba a taɓa shi ba, musamman wani sinadari mai suna saksinet, kamar yadda masana a Kambirij suka nuna a 2014. Idan kuma jini ya dawo da iska farat ɗaya, sai abin da ya taru ya kama gaba ɗaya. Masu ƙona gawayi sun san wannan hali sarai, domin itacen da aka binne yana ci a hankali, in aka yi gaggawar yaye masa ƙasa iska ta afka, sai ya tashi da harshe ya zama toka. Tartsatsin wannan gobara ta cikin ƙwaya shi ke huda fatarta, ya ɓata abin da ke cikinta, ya jawo farin jini da kumburi su ƙara toshe hanya. Antioksidan kuwa suna ne na duk wani sinadari da ke kashe wannan tartsatsi ko ya hana shi tashi.

A nan tsirrai suka shigo. Itace ba ya iya gudun rana, ba ya iya neman inuwa, saboda haka Mahalicci ya hore masa sinadaran kare kansa daga ƙuna, kuma itatuwan ƙasarmu mai zafin rana suna da rabo babba. Jan launin soɓorodo sinadarin antosayanin ne. Albasar da ake lodi daga fadamun Gulbin Rima tana da kwasetin, haka ma ganyen zogale. Garin 'ya'yan kuka yana cikin abinci mafi yawan bitamin C, tumatir na da laikofin, jar dawa da gero da tsamiya da citta kowanne da nasa, habbatus sauda kuwa, wadda ambatonta ya zo a hadisai kuma Musulmi ke girmama ta, tana ɗauke da timokwinon. An kuwa jarraba da yawa daga cikinsu a ɗakunan bincike: a ba ɓera sinadarin, a matse jijiyar ƙodarsa ko hantarsa ko ƙwaƙwalwarsa na wani lokaci, a saki, sa'an nan a duba, sau da yawa kuma akan tarar ɓarnar ta ragu idan aka gwada da ta ɓeran da ba a ba komai ba. Irin waɗannan rahotanni suna da ɗimbin yawa, daga Masar da Turkiyya da Iran da Sin da jami'o'inmu na gida. Ba na ƙaryata su, ba na kuwa raina wahalar waɗanda suka yi su.

Sai dai wajibi ne a duba sharuɗɗan da aka yi su a kai. Galibi akan fara ba ɓeran maganin kwanaki ko makonni kafin a matse jijiyar, alhali ɗan Adam ba ya samun sanarwa kafin tasa ta toshe. Sau da yawa allura ake yi da tataccen sinadari, a kuma ba da gwargwadon da in aka auna shi da nauyin mutum babu cikin da zai iya ɗaukar ganyen da zai samar da shi, ga shi kuma hanji da hanta suna sauya mafi yawan kwasetin da makamantansa kafin su isa jijiya. Ɓeran kansa matashi ne lafiyayye, ba shi da hawan jini, ba shi da ciwon suga, bai shekara 60 yana cin gishiri ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya ga wannan rami, domin a cikin sharuɗɗa bakwai da ya gindaya a littafinsa Al-Ƙanun na jarraba magani, na ƙarshensu shi ne a jarraba shi a jikin mutum, saboda abin da ya tabbata ga zaki ko doki ba hujja ba ne a kan ɗan Adam. A istilahin malamanmu sai mu ce ƙiyasi ne tare da bambanci, irinsa kuwa ba a gina hukunci a kansa, balle hukuncin da rai ya rataya gare shi.

Da aka je ga mutane, sakamakon ya sanyaya gwiwar masu bincike. A ƙasar Finlan an raba maza masu shan taba su 29,133 gida-gida, aka ba wasu ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, da zaton zai kare su. Da aka buga sakamako a 1994 sai aka tarar sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wurin waɗanda suka sha. A 2000 wani babban gwaji mai suna HOPE ya ba mutane fiye da 9,000 masu haɗarin ciwon zuciya bitamin E ko ƙwayar banza na tsawon shekaru huɗu da rabi, ba a ga ya rage bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. A 2006 wasu masana a Ostareliya suka ƙirga magunguna 1,026 da aka gwada domin shanyewar ɓarin jiki, mafi yawansu a kan dabbobi, aka tarar waɗanda aka yi wa fatan kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun yi ta faɗuwa a gaban majinyata na haƙiƙa, shekara guda bayan haka kuma wani maganin kashe tartsatsi da aka fi sa wa rai ya faɗi a gwajin mutane fiye da 3,000. Adalci ya sa in ambaci cewa Japan ta halatta wani mai suna edarabon tun 2001, Sin kuma tana amfani da wani da asalinsa daga irin ganyen seleri ne, kuma likitocin dashen gaɓoɓi suna zuba antioksidan a cikin ruwan sanyin da ake adana ƙoda ko hanta kafin a dasa. Amma duk waɗannan a asibiti ake yin su, da awo, a hannun ƙwararru, babu ko ɗaya da ake sayarwa a ƙullin leda.

To, ina gaskiyar da na ce tana nan? Tana cikin tukunya, kuma hujjarta mafi ƙarfi daga ƙasarmu ta fito. A 2018 aka buga sakamakon wani babban bincike mai suna SIREN, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, wanda ya haɗa asibitoci a Nijeriya da Gana har da na Kano da Zariya, inda aka gwama mutane 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye da wasu 2,118 lafiyayyu tsararrakinsu. Hawan jini shi ya zo kan gaba nesa ba kusa ba, har aka ƙiyasta cewa yana da hannu a kusan tara cikin kowane goma. Amma a cikin sauran sabubba an sami ƙarancin cin koren ganye, wanda masu shi haɗarinsu ya ninka fiye da sau biyu, da kuma barbaɗa gishiri a kan abinci bayan an gama dafa shi. Soɓorodo ma yana da shaida ta mutane, ko da yake ƙarama ce: masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun nuna yana sauko da hawan jinin ɓeraye, a 2010 kuma wani gwaji a Boston ya ba mutane 65 ko dai kofi uku na jiƙonsa a yini ko abin sha mai kama da shi, bayan makonni shida aka ga awon jinin masu soɓorodo ya sauka da kimanin maki 7, na sauran kuwa da maki ɗaya da 'yan kai. Maki 7 ba ya maye gurbin ƙwayar likita ga wanda jininsa ya hau sosai, kuma zoɓon da aka cika wa sukari ya ba da dama ya karɓe da hagu.

Yadda ganye ke wannan aiki shi ma abin lura ne, domin ya saɓa wa abin da mai talla ke faɗa. Ra'ayin da masana da yawa suka karkata gare shi yanzu shi ne, ɗan abin da ke isa jini daga ganye bai kai ya kashe gobara da kansa ba, sai dai yana tsikarar ƙwayoyin jiki tsikara mai sauƙi, su kuma su farka su ƙara ƙera nasu makaman kariya, waɗanda suka fi na kowane tsiro ƙarfi. Sinadarin da ke ba zogale ɗan yajinsa yana cikin masu wannan tsikara. Wannan ya yi daidai da abin da Jennings da abokansa suka gani a 1986, cewa zuciyar karen da aka riga aka yanke wa jini na minti biyar-biyar sau huɗu, in aka zo aka yanke mata na minti 40, abin da ke mutuwa a cikinta bai wuce rubu'in na wadda ba a horar ba. Kariya ke nan ta horo da sabo, wadda ake tarawa sannu a hankali cikin shekaru, da kwaɗon zogale da rama, da miyar kuka da lalo da alayyafo, da fate-faten yakuwa, da magarya da kanya da ɗinya da yara ke tsinka. Mata kuwa su sani, yawan kanwa da doguwar tafasa suna kashe bitamin C, ganyen da aka shanya a inuwa kuma ya fi na tsakar rana riƙe amfaninsa.

Akwai wani labari namu na gida da ya kamata kowane ɗalibin harhaɗa magunguna ya sani. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi na amosanin jini daga hannun wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ta tace shi ta sa masa suna Niprisan. Tsirrai huɗu ne a cikinsa, uku daga ciki babu gidan da bai san su ba: masoro, da kanumfari, da karan dafi, wanda dukawan Sakkwato ke rina jar fata da shi. An gwada shi a kan majinyata kimanin 80, aka buga sakamako a 2001, aka ga tashin ciwo mai tsanani ya ragu. Aikinsa ya fi karkata ga hana ƙwayar jini lanƙwashewa tun kafin ta toshe hanya. An ƙaddamar da shi a kasuwa a 2006, ba a daɗe ba kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna shekaru, babban gwajin da zai yanke hukunci a kansa kuma ya ci gaba da jira. Wannan abu yana ƙona mini rai ainun, domin ga tsiro ya bi hanyar da ta dace, ya tsaya gaban shaida ya ba da alamar alheri, sai sakaci da rikicin kuɗi suka kayar da shi. A Kano kuwa, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokansu na Jami'ar Vanderbilt sun nuna, a gwajin yara 220 da aka buga a 2022, cewa idan aka auna gudun jinin ƙwaƙwalwar yaro mai amosanin jini da na'ura, aka gano wanda ke cikin haɗari, aka ɗora shi a kan ƙwayar haidiroksiyuriya ko da ƙaramin awo ne, shanyewar jiki takan ragu ƙwarai. Wannan magani yana nan, ba shi da tsada can, yaran gabashin Sakkwato kuwa ba su fi na Kano ƙarancin haƙƙi a kansa ba.

Ya kamata kuma a daina cewa abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Lallen da amare ke ƙunshi da shi yana da sinadarin da ke fasa ƙwayoyin jinin jaririn da aka haifa da wani rauni na gado mai suna G6PD, raunin da ya yawaita a tsakanin 'ya'yanmu maza, shi ya sa likitoci ke hana shafe jikin jinjiri da shi. A Beljiyam, a farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace saboda maganin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro ɗan dangin duman dutse. Shanyewar ɓarin jiki kanta iri biyu ce, toshewar jijiya da fashewarta, binciken SIREN kuwa ya tarar kusan sulusi na majinyatanmu fashewa ce, kuma babu boka ko malami ko likitan da zai iya rarrabe su da ido sai da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Abin da ke tsinka jini ya amfani na farko yana iya halaka na biyu. Ga shi kuma wanda abin ya same shi sau da yawa maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, jiƙo ko rubutu ko man da aka ɗura masa sai ya zarce huhu, ciwon huhu ya ƙarasa abin da jijiya ta fara.

A sa'ar da jijiya ta toshe, magani shi ne a buɗe ta, allurar narkar da gudan jini kuwa tana da wa'adi, sa'o'i huɗu da rabi daga lokacin da alama ta fara. Wannan shi ya kawo ni ga abin da ya fi kome ciwo. Mutumin Unguwar Lalle da bakinsa ya karkace da magariba, tsakaninsa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai tafiyar sa'o'i ta Goronyo da Wurno, a kan hanyar da direbobi ke tsoron hawa da dare. Ba mu manta da harin da aka kai wa kasuwar Unguwar Lalle a watan Oktoba na 2021 ba, ko matafiyan da aka ƙone cikin mota a yankin Sabon Birni a watan Disamba na 2021, Allah ya jiƙansu da rahama. Rashin tsaron nan ya cuci jijiyoyin jama'a ta fuska biyu, domin ya tare musu hanyar asibiti, ya kuma raba su da fadama da dajin da mata ke tsinko ganye, har iyalai da yawa suka koma zaman gudun hijira a cikin gari ko a ƙetaren iyaka wajen Maraɗi, suna cin tuwo da ruwan gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ga fargaba dare da rana tana ƙara hawan jini. Ban ga laifin wanda ya koma ga mai kwalba a cikin irin wannan hali ba. Laifin yana wuyan waɗanda aka damƙa wa amanar hanya da asibiti.

Saboda haka kirana na farko ga gwamnatin Jihar Sakkwato ne da shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa: su tsare hanya, su sa motar ɗaukar majinyata da mai a cikinta, su wadata asibitocin garuruwan biyu da jinin ƙari da ruwan ƙari da likitan da zai iya fiɗar ƙaba da dare, su kuma sa na'urar awon jini da ƙwayar hawan jini a kowane ɗakin shan magani na ƙauye, domin wannan ne mafi arha kuma mafi yawan ceto. Malaman jami'a kuwa ina tuna musu cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, bai ga rubuta risaloli a kan ciwon ido da basir ya rage masa daraja ba, kuma sanin ɗibbu farali ne na kifaya wanda idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ɓeraye sun ba da shaidarsu, ta isa. A fito da soɓorodo da zogale a jarraba su a kan masu hawan jini na Sabon Birni da Isa, da yardarsu, da awo sananne, da rukunin gwadawa, a buga abin da aka gani ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Masu maganin gargajiya na ƙwarai kuma su zama su ne farkon masu cewa wannan ya fi ƙarfina, a tafi asibiti. Limamai su faɗa a kan mumbari cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali.

Kai kuma mai karatu, dasa zogale a bayan ɗaki, ka sa a riƙa cin ganye a gidanka kullum, a rage gishiri, in ka haura shekara 40 ka riƙa miƙa hannu a auna jininka ko ba ka jin ciwon kome, wanda aka ɗora a kan ƙwaya kuma kada ya ajiye ta don ya fara shan jiƙo. Ranar da ka ga bakin wani ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko harshensa ya yi nauyi, duba agogo ka riƙe lokacin, ka kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa kome ko da ruwa ne, a nemi mota nan take a nufi asibiti mafi kusa.